Sunan Wa Ke Fuskar Agogonka?

Wata sabuwar sana'a ta tsiro a cikin tsohuwar sana'ar gyaran agogo, kuma ina da magana a kanta wadda na san ba za ta yi wa wasu abokaina daɗi ba. Duk mai bi ta gefen Babbar Kasuwar Njamena ko kasuwar Dembe ya san masu gyaran agogo: ɗan tebur, akwatin gilashi, madubi maƙale a ido ɗaya, da gwangwanin madara cike da matattun batura. Shekara da shekaru aikinsu bai wuce sauya batir da rage sarƙa da liƙa gilashin da ya tsage ba, tun da agogon roba ya cika gari, wayar hannu kuma ta zo ta ƙwace ɗan abin da ya rage. To yanzu wasu matasa a cikinsu, da wasu da ba su taɓa zama a teburin ba sai dai sun koya a YouTube, sun gano cewa ana iya harhaɗa agogo sukutum da kayan da aka sayo daban-daban. A sayo inji, a sayo kwanso, a sayo fuska da hannaye da gilashi da zobe, a zauna a ɗaura. Abin da aka fi harhaɗawa kuwa shi ne mai kama da tsofaffin agogunan masu nutso a teku, irin na shekarun 1950 zuwa 1970, masu baƙar fuska da manyan ɗigo-ɗigo masu haske cikin duhu.

Harhaɗawar ba ta dame ni ba, sha'awa ma take ba ni. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalma guda da ake bugawa a fuskar, can ƙarƙashin sha biyu: Rolex, ko Tudor, ko Omega, a jikin agogon da ko ƙofar waɗannan kamfanoni bai taɓa gani ba. Wannan kalma ita ke mayar da gwani ɗan damfara, kuma ita ce za ta kashe sana'ar tun ba ta yi ƙwari ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin agogon, don mai karatu ya san abin da muke jayayya a kai. Mafi yawansu inji ɗaya ne a cikinsu, wanda ake kira NH35. Rukunin kamfanonin Seiko na Japan ne ke ƙera shi, yana sayar wa duk mai so, kamar yadda ake sayar da injin niƙa. Ba ya amfani da batir. Irin wanda mutanenmu ke cewa da jini yake aiki ne, alhali wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi a bayansa ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, yana wana shi. Duwatsu 24 gare shi, yana bugawa sau 21,600 a awa, in ya cika kuma yakan yi kamar awa 41 a ajiye bai tsaya ba. Inji ne na gaske, mai juriya, kuɗinsa bai wuce dala 'yan gomomi ba. Sauran kayan, kwanson ƙarfe da fuska da hannaye, galibi daga masana'antun kudancin Sin suke fitowa, wajen Guwanzu da Shenzhen, su biyo jakar 'yan kasuwa ta Dubai ko ta Kano, ko su sauka Duwala su hau mota har gadar Ngeli.

Ɗaura waɗannan kaya aiki ne, kada wani ya raina. Fuskar da ke hawa wannan inji faɗinta milimita 28.5 ne, tana da wasu 'yan ƙafafu a bayanta da ke shiga ramukan injin. In kwanson irin na Rolex ne, kan da ake murzawa a saita lokaci yana daidai ƙarfe uku. In irin na Seiko SKX007 ne, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1996 har wajen 2019, kan yana kusa da ƙarfe huɗu. Saboda haka mai haɗawa sai ya san ƙafar da zai yanke da wadda zai bari, in ya kuskure fuskar ta karkace, ramin kwanan wata ya saɓa da lambobin da ke ƙarƙashinsa. Sandar da ke haɗa kan da injin doguwa take zuwa, sai an gwada an datse, a goge bakin da magagari, a sake gwadawa. In ta yi tsawo kan ba zai ɗauru ya toshe ruwa ba, in ta gajarta an yi asararta. Sannan ga hannaye uku. Ramin hannun daƙiƙa kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, ka ɗan danna fiye da kima ka lanƙwasa tsinken da yake hawa. Kafin a sa su ma sai an juya injin a hankali har kwanan wata ya faɗa, a tsaya cak, a ɗora hannayen a kan sha biyu, in ba haka ba agogonka zai riƙa sauya rana da azahar. Duk wannan kuma a Njamena ake yi, garin da in hunturu ya kama, kafin ka rufe gilashi ƙura ta riga ka shiga. Wanda ya iya fitar da fuska baƙa wuluk babu ƙwayar ƙura ko ɗaya a watan Janairu, a kan tebur a bakin titi, wallahi ya cancanci a kira shi gwani.

Shi ya sa abin ke ba ni haushi. Mutum ya yi wannan aiki duka da idonsa da yatsunsa, sannan ya ɗauki yabon ya miƙa wa wani kamfani a Janeba wanda bai san da zamansa ba, in ma ya sani ƙararsa zai kai.

Na san amsar da ake bayarwa, don na sha jin ta daga masu bugo waya a shirina. Cewa ake, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sabon Rolex Submariner ya haura dala 9,000, wato sama da sefa miliyan 5, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake kimanin sefa 60,000 a wata. Albashin shekara bakwai ke nan ba ci ba sha. Wa zai ga irinsa a kan teburin bakin kasuwa da kuɗin buhun shinkafa biyu ko uku ya ɗauka na gaske ne? Wai tunda mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, babu wanda aka cuta.

Mai rariya dai ba ya rubuta "tulu" a jikinta. Kuma ko da mai saye na farko ya sani, agogo ba tuwo ba ne da ake cinyewa a wuri ɗaya. Yana shiga kayan lefe. Ana ba da shi jingina in ta kama mutum. Ana kai wa suruki tsaraba, ana raba shi a gado. A kowane hannu ya faɗa, wanda ya san gaskiyar yana ƙara nisa, sunan da ke fuskar kuwa yana nan daram yana faɗar abin da aka sa shi ya faɗa. Hannu na uku ko na huɗu shi ke biyan kuɗin ƙaryar, kuma galibi wanda bai san komai game da agogo ba ne: tsohuwa da ta karɓi jingina, ko magajin da aka lissafa masa shi a rabonsa aka hana shi fili. Sannan a tambayi mai sayen na farkon ma, in ba don a ɗauka na gaske ne ba, me ya sa ya ƙi mai fuska babu suna? Ai shi ma akwai waɗanda yake shirin ruɗa, a ɗaurin aure ko a ofis.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Akwai mataki na biyu, na tsofar da agogo da gangan. Tsofaffin agogunan nutso na ainihi, irin Submariner mai lamba 5513 da aka fara a 1962, ɗigo-ɗigonsu sun rine sun koma ruwan ƙwai, saboda sinadarin da aka shafa musu ya tsufa, zoben kuma rana ta cinye baƙinsa ya koma toka-toka. Masu tara tsofaffin kaya a Turai da Amurka wannan tsufan suke biya da tsada. To sai masu kwaikwayo suka koyi jiƙa hannaye a ruwan shayi ko gahawa, su gasa fuska a wuta kaɗan, su tsoma zobe a ruwan bilic, su kankare gefen kwanso a kan siminti. Agogon da aka haɗa shekaranjiya sai ya fito kamar ya yi shekara hamsin a aljihun wani. Tsufan ƙarya kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai da labari. Tun da sojojin Faransa suka tattara suka miƙa sansaninsu na Njamena a ƙarshen Janairun 2025, sau biyu ana nuna mini agogo ana rage murya, wai wani soja ne ya bari. Masu wannan labari sun ɗan yi karatu, don gaskiya ne sojojin ruwan Faransa sun yi shekaru suna amfani da agogon Tudor. Sai dai na ruwa ne, mu kuwa ƙasarmu ko taku ɗaya na gaɓar teku ba ta da shi. Nan kam ba wanda zai ce mai saye ya sani, tunda duk wahalar shayin da simintin an sha ta ne don kada ya sani.

Kada kuma wani ya ce ai sai wawa ake kamawa. A Nuwamban 2021 gidan gwanjon Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan. Kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne na sassan agoguna daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki. In mai abu ya kasa gane abinsa, ina ga Alhajin da ke dubawa da fitilar waya bayan magariba?

Akwai wata ƙaryar kuma a ƙasan fuskar, wadda ta fi shafar talaka kai tsaye: rubutun mita 200 ko 300. Agogon nutso na gaske kayan tsira ne. Blancpain da Rolex sun fito da nasu a 1953, Seiko ta biyo baya da nata na farko a 1965, don mutumin da ke ƙarƙashin ruwa ya san minti nawa ya yi kafin iskar da ya goya ta ƙare. Shi ya sa zoben na zamani gefe ɗaya kawai yake juyawa, ta yadda in ya bugi wani abu ya goce, zai nuna wa mai nutso ya daɗe fiye da yadda ya yi, ya fito da wuri. Ƙa'idar duniya ta ISO 6425 ta ce kafin a kira agogo na nutso sai ya jure aƙalla mita 100, kuma kowane ɗaya sai an gwada shi a matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari. Wane tebur ne a Dembe ke da na'urar wannan gwaji? Za a ce mini, yo wa ke nutso a Chadi, tafkin namu ma a mafi yawan wurare bai fi 'yan mitoci ba. Haka ne. Amma muna alwala sau biyar a rana. Muna zufa a Afrilu lokacin da zafi ke wuce 40. Ɗan kilando yana shan ruwan Agusta a kan babur, masunci yana jan taru a Shari da Logon. Wanda ya ga an rubuta masa mita 200 ba zai cire agogo don alwala ba. In mai haɗawa ya manta zoben roba na murfin baya, ko ya sa shi a bushe babu man da ake shafa masa, ko ya datse sandar nan ba daidai ba, cikin mako biyu gilashi zai yi hazo, cikin wata biyu inji ya yi tsatsa. Daga nan sai a ce masu gyaran agogo duk macuta ne, har da dattijon da ya yi shekara talatin a teburinsa bai taɓa buga sunan kowa a kan komai ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne abin da ake yi wa agogunan iyayenmu. Seiko 5 ta fito a 1963, kuma da wuya a sami gidan Bahaushe daga Kano zuwa Abeshe da ba ta shiga ba, ita da Rado da Orient da Citizen, yawancinsu tsarabar Makka. Garin nan tun yana Fort-Lamy zango ne na alhazan da ke bin ƙasa su ratsa Sudan, kuma agogo na cikin abin da mai dawowa ke riƙowa. Waɗannan su ne tsofaffin agogunanmu na gaskiya, masu labarin da ba a ƙirƙira ba. Yanzu ana bi ana saye su da arha a hannun magada, a farke, a cire inji a dasa a kwanson kwaikwayo don a ce ga tsohon inji nan shaida, ko a kankare fuskar asali a yi mata sabon fenti mai ruwan lemo. A Indiya an daɗe ana wannan ta'asa da tsofaffin Seiko da HMT, har masu saye a intanet suka laƙaba wa irin waɗannan agoguna sunan birnin Mumbai don gori. Ina tsoron ranar da za a laƙaba wa wani irin jabu sunan Njamena ko Kano. Agogon da Alhaji ya duba ya ga lokacin tsayuwar Arfa ya fi ƙarfin a yanka shi don a yi wa wani yaro Rolex na ƙarya.

Sai hujja ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, don haka ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Matasan nan cewa suke, in babu sunan ba a saye. Sun gwada mai fuska fayau ya kwana wata uku a akwati, mai kambin Rolex kuwa ko la'asar ba ya kaiwa. Na yarda haka kasuwar take a yau, kuma laifin namu ne mu masu saye, musamman manyanmu da ke tsayawa a taro suna ɗaga hannun riga. Amma a duba tarihin sunayen da ake aron. Hans Wilsdorf, wanda ya kafa Rolex, ya fara ne a Landan a 1905, yana sayo injuna daga wani maƙeri a garin Bienne na Suwizalan yana sa su a kwanson da wasu suka ƙera. Mai harhaɗawa ne, kamar yaron Dembe. Bambancinsu shi ne a 1908 ya yi rajistar suna nasa, ya yi ta fama da 'yan kasuwa har suka yarda a bar shi a fuskar agogo. Kintaro Hattori, uban Seiko, shagon gyara da sayar da agogo ya buɗe a Tokiyo a 1881, sai a 1892 ya kafa masana'anta. A yau ma akwai kamfanonin Sin irin su San Martin da Steeldive da ke ƙera agogo mai siffar tsofaffin na nutso sak, da wannan injin na NH35, amma da sunansu a fuska, kuma duniya na saye. Siffa ta tsufa ta zama ta kowa, kamar yadda ɗinkin aska takwas ba na tela ɗaya ba ne. Suna kuwa yana da mai shi.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Ƙarni da ƙarni majemanmu na Kano da Sakkwato suna jeme fatar jan akuya, ayari ya ratsa sahara da ita, Turawa su saya a tashoshin arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Har gobe da wannan suna aka san ta. Wancan karon wasu ne suka shafe sunanmu daga aikinmu. Wannan karon mu ne da hannunmu muke shafewa, har muna biyan kuɗin bugun sunan wani.

Doka ma ta raba abin yadda na raba shi. Chadi na cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma a ƙarƙashinta buga alamar kasuwancin wani a kan hajarka laifi ne, ko da jami'an da ya kamata su duba sun kau da kai. Rajistar da mutum ya yi ta wannan ƙungiya tana kare sunansa a ƙasashe 17 a lokaci guda, har da Nijar da Kamaru, ga wanda ke da sunan da zai kare. A can Suwizalan kuma, a Janairun 2024, kotun ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Rolex da wani kamfanin Janeba mai sauya wa agoguna kama. Ta ce in mai agogo ya kawo nasa ya ce a sauya masa don amfanin kansa, babu laifi, amma a sauya a fitar kasuwa da sunan Rolex a jiki ba da izininsu ba, wannan bai halatta ba. Ko a garin masu abin ke nan ba a hana gwani taɓa agogo ba. Kawo tsohuwar Seikon mahaifinka a wanke injin, a sa mai, a sauya roba da gilashi, a bar mata fuskarta. Sayo NH35 ka zaɓi fuska shuɗiya da hannaye irin na 1965, ka ɗaura abinka. Babu mai cewa uffan.

Abin da nake nema a wurin masu wannan sana'a bai taka kara ya karya ba. Masana'antun da ke buga muku Rolex a fuska su ne dai za su buga duk abin da kuka aika musu, ko su bar ta babu komai, kuma irin wannan fuska tana nan a kasuwa. Ku sa sunanku, ko na unguwarku, ko na kogin da kuke gani kullum. Ku daina rubuta zurfin da ba ku gwada ba. In mutum biyar suka haɗa kuɗi za su iya sayen ƙaramar na'urar gwajin matsi su ajiye a shago ɗaya, kowa ya riƙa kawo nasa. Ku buɗe murfin baya a gaban mai saye ya ga injin da idonsa, ku rubuta masa a takarda abin da ke ciki da ranar da aka haɗa, da alkawarin gyara na wata shida. Wanda ya zo muku da agogon gado yana neman na cefane, ku gaya masa abin da yake riƙe da shi kafin ku taya.

Masu saye kuma, in an miƙo muku agogo ana rage murya ana kawo labarin soja ko na wani Bature da ya mutu, ku ce a buɗe bayan. Mai gyara na kusa zai buɗe muku cikin minti ɗaya, kuma lambar injin a rubuce take a jikinsa.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce ɗan rediyo ya sami abin surutu, bai san yadda ake neman na tuwo a bakin kasuwa ba. To ga tayi. Duk mai haɗa agogo a Njamena ko Kusiri da ya fitar da guda goma da sunansa a fuska, ya zo da su tasha. Zan ba shi rabin awa a shirina kyauta ya bayyana wa masu sauraro yadda ake datse sanda da yadda ake ɗora hannun daƙiƙa, ya faɗi inda teburinsa yake. Wanda kuma ke ganin na zalunce shi, shi ma ƙofa a buɗe take, ya zo da nasa Rolex ɗin da sukundireba, mu buɗe shi a gaban makirufo.